Alluran da Na Mayar Cikin Kwali

A lokacin shekarata ashirin da uku, ni ce babbar 'yar gidanmu a wani ƙauye kusa da Wad Haddad, kuma ni kaɗai na gama sakandare. Shi ya sa ranar da za a sallami Baba daga asibitin birnin Madani, bayan an cire masa ɓangaren huhu saboda ciwon daji, ni diktor, wato likita, ya kira. Ya nuna min takardar gwaji, ya ce alamar da ke nuna jini na shirin daskarewa ta hau sosai, kuma masu irin wannan ya fi jin wa tsoro. Ya ba ni kwalin allurai masu hana jini daskarewa, kullum ɗaya a fatar ciki, ya ce Baba ya riƙa takawa ko zuwa bakin gona ne.

Muna isa gida aka yanka rago, aka kwantar da Baba kan angarib, gadon nan na igiya, 'yan barka kamar ranar kasuwa. Da ya yunƙura sai a danne shi, wai mai ɗinki ba ya yawo. Da na faɗi maganar jinin, Baffa, yayan Baba, ya ce ai mataccen jini ne, ƙaho ne maganinsa tun kakanninmu na Sakkwato. Aka kira wanzami ya tsaga, jini ya ƙi tsayawa. Wanzamin ya ce allurata ce ta jawo, a bar ta kwana bakwai zai sake gwadawa. Baffa ya kafa min ido ya ce ya hana. Wallahi na san daidai, amma ina ni ina musu da Baffa a gaban dattawa? Kullum in ɗauko kwalin, in ji gyaran muryarsa, in mayar. Baba da kansa ya tambaye ni a hankali ko yau ma babu allura. Na ce masa diktor ne ya ce a huta. Ƙarya na yi wa ubana.

Kwana na shida ƙafarsa ta kumbura, numfashi ya sarƙe. Muka ɗauke shi zuwa asibiti, amma bai kai Madani da rai ba.

Na yarda kwanansa ne ya ƙare, amma ni aka ba amana, tsoro ya sa na kira shirun nan ladabi. 'Yan uwa, in likita ya ce jinin majinyacinku abin tsoro ne, ku kai manyan gida su ji da kunnensu, kada ku ɗauko maganar ku kaɗai. Kwalin na nan a ƙasan akwatina. Baffa kuwa har yau in ya gan ni sai ya sa min albarka, wai ni 'ya ce mai jin magana.