Inna Ba Ta Tofar da Zoɓo

Har yau in na ga kofin gilashin nan mai doguwar ƙafa ɗaya sai raina ya ɓaci. Ko a gidan biki aka miƙo min lemo a cikinsa, cewa nake a juye min a na roba.

Na yi aiki a wani kamfanin lemo a Challawa, a ɗakin gwaji. Abu biyu muke sawa a kwalba, ja da fari. Jan shi ne zoɓon da kowa ya sani, da citta da kanumfari da ɓawon abarba. Farin kuma farin zoɓo ne, irin na miya, ana ɗan haɗa shi da tsamiya. Kullum da safe daga Dorayi nake hawo adaidaita, in sa farar riga, in ɗora hular raga a kan ɗankwali, in auna zaƙi da tsami da na'ura in rubuta. Amma na'ura ba ta da harshe. Kafin a buɗe tanki a fara ɗurawa sai an kawo samfuri teburin ɗanɗano, mu huɗu mu sha. Ni, da wata abokiyar aikina, da malamin da ke kula da tankuna, mutumin Zawaciki, sai Inna. Gaskiyar magana mu ukun rakiya muke yi. Abin da Inna ta faɗa shi ake bi.

Inna dattijuwa ce daga Panshekara. Tun mai kamfanin yana dafa zoɓo a manyan tukwane a wani shago a Sharada ita ce mai dafawar. Ba ta yi boko ba, don haka ni ce hannunta, ta faɗa in rubuta. Tana da wani tsohon kofin silba da ba ta yarda kowa ya taɓa. Za ta yi bismillah, ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta haɗiye, sannan ta yi shiru tana kallon bango. Shirun nan shi ne aikin. In ka yi magana a ciki sai ta ɗaga maka hannu.

“Wannan na bara ne, aka zuba sabo a sama don a rufe mana ido.”

“Wannan a bakin titi aka shanya shi.”

“Citta ta yi wa kanumfari rashin kunya, a rage ta.”

In aka je sito aka kwance buhu, sai a tarar haka ne. Farin kuwa cewa take shi ba ya magana a baki, sai ya sauka. Da farko ban gane ba. Sai da na daɗe ina zama kusa da ita na fara jin yadda tsaminsa ke wucewa sumul, can kuma wani ɗan bauri ya taso daga baya kamar na ɗanyar goruba.

Muna nan sai ga ɗan ƙanin mai kamfani ya dawo daga karatu a waje, aka ba shi shugabancin ɗakinmu. Ƙaramin oga muke ce masa. Ranar farko ya faɗa mana da bakinsa cewa a makarantarsu ta harkar otal an koya musu ɗanɗanar giya, ja da fara. Kafin kowa ya ce uffan ya ɗaga yatsa.

“Amma wallahi ban taɓa haɗiyewa ba. Tofarwa ake yi. Ko sau ɗaya bai wuce min wuya ba.”

To, tsakaninsa da Allah. Ni ban tambaye shi ba.

Sati bai cika ba ya kawo kofunan nan masu ƙafa, da farin bokiti guda huɗu, da wata takarda mai zagaye kala-kala cike da sunayen ƙamshi. Wai daga yau a ilimance za a yi. Ka riƙe kofi ta ƙafa, ka ɗaga shi saitin fitila ka duba kala, ka juya shi, ka cusa hanci, ka kurɓa, ka kurkure baki, ka tofar a bokiti. Sannan ka ɗauki fom ka yi maki a kan abin da ka ji. Ceri. Bilakberi. Itacen ok, duk kayan ƙasar Turawa. Har da fata, wallahi, fata ta jima, a cikin abin sha.

Malamin tanki ya juya takardar sama da ƙasa ya ce, “Yallaɓai, ni dai kanya na sani da ɗinya da magarya. In akwai gurbinsu a nuna min.”

“Waɗannan ba a san su a duniya ba, Malam.”

“Au, mu nan ba duniya ba ce?”

Aka yi dariya, har shi ogan. A kan bokiti ne dariya ta ƙare. Inna ta leƙa nata ta ture shi da ƙafa.

“Ɗan nan, abinci ne fa. Wata ta duƙa a gona ta tsinke shi ƙaya na sukarta. In sa a baki da bismillah in tofar?”

“Inna, haka ƙa'idar take.”

“Kuma in na tofar ta ina zan ji shi?”

Ni da bakina da ba ya shiru sai na ce, “Yallaɓai, su can ba don kada su bugu suke tofarwa ba? Zoɓo ai ba ya bugarwa.” Abokiyar aikina ta taka min ƙafa a ƙarƙashin tebur. Shi dai ogan cewa ya yi ƙarshen wata za a yi gwaji, duk wanda bai bi ƙa'ida ba ya bar teburin.

Kowa ya san da wa ake. Kuma kowa ya san in Inna ta bar teburin nan babu wani wurin zama da ya rage mata a kamfanin, sai tsayuwa a wurin wankin kwalba, ga ta da ciwon gwiwa. Na bi ta har wurin alwala ina roƙo.

“Inna, don Allah ku tofar ranar nan kawai. Ni zan cike muku fom ɗin. Daga baya ku ci gaba da yadda kuka saba.”

“'Yar boko, ke ma kin koma?”

“Ban koma ba, kujerarku nake ji.”

“Kujera ta katako ce,” ta ce, ta ci gaba da shafar kai.

Ranar gwaji aka kawo ja, daga sabon kaya da aka sauke a makon. Kalarsa kyakkyawa, ja wur har yana ɗaukar ido a gilashin. Ƙamshi ma babu laifi, kanumfari a gaba, abarba na biye. Na juya, na shinshina, na kurɓa, zaƙi da tsami sun daidaita, na tofar. Na ɗauki biro na yi maki a kan ceri. Ni da ban taɓa ganin ceri ba sai a hoton waya. Malamin tanki ya leƙo nawa ya kwafa.

Inna ta juye nata daga gilashin zuwa kofin silbarta, a gaban ƙaramin oga. Ta yi bismillah, ta kurɓa, ta haɗiye. Shiru. Sai na ga ta ɗan yi gyaran murya, ta sa yatsu biyu a maƙogwaro.

“Kada a ɗura wannan. Ruwa ya taɓa shi a buhu, ya fara fumfuna aka sake shanyawa. Akwai maƙaƙi a nan.”

Ya duba fom ɗinmu uku, ya dube ta. “Mutum uku sun ce lafiya lau. Kuma kin haɗiye, Inna, bayan na faɗa.” Ya juyo kaina. “Ke kin ji wani maƙaƙi?”

Wannan tambayar ita ce har yau take cina. Ban ji ba. Ta yaya zan ji, abin yana cikin bokiti? Da na ce a ba ni in sake sha. Da na ce komai ma. Sai na ce, “Ban ji ba, yallaɓai.” Inna ba ta ko kalle ni ba.

Da aka watse ina tattara kofuna, na ɗaga ragowar nawa na shanye. Na tsaya na yi shirun nan nata. Zaƙin ya wuce, tsamin ya wuce, sai ga shi ya taso a hankali, wani kaikayi a can ƙasan wuya da ɗan warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Na ruga ofishin ƙaramin oga. Ya ce an rufe gwaji, tanki ya riga ya tafi layin ɗurawa, kuma in kiyaye don ni ma yanzu na karya ƙa'ida.

Washegari aka ce Inna ta koma wankin kwalba. Mai kamfani, wanda ta dafa wa zoɓo tun ba shi da ko mota, cewa ya yi a bar yara su zamanantar da aiki. Ba ta je wurin wankin ba. Ta ninke farar rigarta ta ajiye a kan kujerar, ta sa kofinta a jaka, ta yi wa kowa sallama har masu gadi. Ni ta ce min, “A gaida mutanen gida.” Shi ke nan.

Ba a jima ba masu shaguna suka fara dawo da katan-katan, wai mutane na cewa yana kama wuya. Muka auna, na'ura ta ce komai daidai. Aka canja mai kawo kaya, aka ƙara sukari, aka rage, ƙorafi bai tsaya ba. Mu kuma muna nan kullum muna juya kofi muna cika bokiti. Ƙaramin oga bai taɓa cewa a daina tofarwa ba. Ina zai iya? Duk abin da ya kawo daga waje a kan bokitin nan yake tsaye.

Wata Juma'a manajan kamfanin ya kira ni gefe, ya miƙo min kwalba marar takarda a baƙar leda.

“Gobe ki bi ta Panshekara ki gaida Inna. Ki ɗan ba ta wannan ta ji mana. Ba sai kowa ya sani ba.”

“Dawo da ita za a yi?”

“Ke dai ki kai tukuna.”

Wato harshenta suke so, ita ce ba sa so. Na karɓa don ina neman dalilin zuwa, kunya ta hana ni tun ranar.

Na same ta bayan la'asar a ƙofar gida, da babbar kular zoɓon sayarwa a gabanta, mata na tsaye da jarkoki. Ta gan ni ta ce, “A'a, 'yar ceri ce?” Na durƙusa na gaishe ta, na rasa inda zan sa ido. Ta ɗebo min nata a kofin roba. Sanyi, tsami mai tsabta, citta ta ɗan ciji harshe ta saki, kanumfari ya zauna a hanci. Na haɗiye na jira. Babu abin da ya taso sai son ƙari.

Sannan na fito da ledar. Na faɗa mata gaskiya, wanda ya aiko ni da abin da ya ce, har da ba sai kowa ya sani ba.

Ta aika aka ɗauko kofin silbar. Ta zuba, ta shinshina, ta kurɓa, ta riƙe a baki ta daɗe. Sai ta juya ta tofar a kwata. Tunda na san ta ban taɓa ganin haka ba.

“Allah Ya yafe min, abinci ne,” ta ce, ta goge baki da gefen mayafi. “Ki ce wa ɗan nan mai bokiti na koyi aikin.”

“Inna, to me kuka ji?”

“Ai na tofar, 'yar nan. Wanda ya tofar me zai ji?”

Ta rufe kwalbar ta mayar min a ledar, ta juya wurin mai jarka.

Ran Litinin manaja ya tare ni tun a bakin get yana tambayar me ta ce. Na miƙa masa ledarsa na ce ta bi ƙa'ida.