A'i Ta Je Kasuwa Neman Ƙanenta

A Kore Mairuwa an san A'i tun tana 'yar shekara shida, yarinyar da ba ta ganin abu yadda yake. Rumbun hatsi a wurinta tsohuwa ce da ta ƙoshi ta zauna, tururuwa kuma fatake ne masu zuwa Dogon Dutsi. Duk abin da aka faɗa mata sai ta haɗiye, ta ƙara masa gishiri. Wayayyun gidan sun gano haka, musamman yayanta Rabo, wanda tsokana ce abincinsa.

Aikinta ɗaya a duniya shi ne goyon ƙanenta Khalid. A bayanta ya yi haƙori, a bayanta ya koyi kiran sunanta. Rabo ne ya taɓa ce mata a kasuwa aka sayo shi, kuma ta yarda.

Wata safiya ta farka ba Khalid. Lokacin yaye ne ya yi, kakarsu ta ɗauke shi a amalanke zuwa ƙauyenta, kamar yadda ake yi. Ba wanda ya ga dalilin yi wa yarinya bayani. Inna na daka, idonta ja, ta ƙi ɗaga kai.

"Rabo, ina Khalid?"

"An maishe shi inda anka sawo shi. Kukanshi ya yi yawa."

A'i ta miƙe zumbur. Ranar kasuwa ce kuwa. Ta cafke 'yar kazarta, ita kaɗai ta mallaka, ta fice ba takalmi.

Ta bi layin masu gishiri, ta bi na masu tabarmi, tana leƙa ƙarƙashin kowane tebur. A ranta tana ganin rumfar sarai: jarirai jere a kan buhu kamar kabewa, wani baƙo yana ɗaga Khalid yana juya shi.

"Baba, ina aka saida yara?" ta tambayi wani mai barkono. "Ga kaza, a ba ni ƙanena."

Aka kwashe da dariya. Mutane kenan, yarinya na neman ranta, su sun sami abin nishaɗi. Da ta ga motar garin Dogon Kiriya ta tashi, ta tabbata Khalid yana ciki. Ta bi ta da gudu tana kiran sunansa har muryarta ta dushe, kazar ta kuɓuce, ƙaya ta cika ƙafarta. A bakin hanya Inna ta same ta zaune, ta gaji da kuka.

"Yana wurin Kaka, nono za ya bari. Kowa haka anka yi mishi, har ke."

A'i ta daina cin abinci sosai. Kullum tana ƙofar gida da zanen goyo a kafaɗa. Rabo ya sha duka, amma dukan bai dawo da kowa ba.

Bayan wata guda amalanke ya tsaya. Khalid ya yi ƙiba, an yi masa aski, yana riƙe da ƙuli-ƙuli. A'i ta ruga, ta durƙusa a gabansa, ta juya masa baya.

"Hau, Khalid. Ni ce."

Ya dube ta kamar baƙuwa, ya ɓuya bayan zanen Kaka. Aka shige gida da shi ana ta barka. A'i na nan durƙushe, hannayenta biyu a baya, tana jira.