Kwandalar da Ta Wuce ta Gaban Mai Ido

Mijina bai iya kallon abu don jin daɗi ba. Miƙa masa kofin shayi, sai ya juya shi yana neman inda ya tsage. Aiki ne ya mai da shi haka. Tun yana saurayi har ya yi furfura a gidan buga kuɗi yake, kwandaloli na wucewa ta gabansa, shi kuwa yana tsince masu aibi yana jefawa a bokiti a mayar a narke. Mai Ido suke ce masa. Kullum ya dawo ido jajir, wuya a sanƙare, ni ce mai gasa masa da ruwan ɗumi. Abin da ya fito da shi daga wurin bai wuce ciwon baya da magana guda ba: "Gurguwar kwandala ba ta taɓa wucewa ta gabana ba." Na ji ta har kunnena ya gaji.

Da ya ajiye aiki na ce to, za mu huta. Ina! Ashe akwai waɗanda Allah ya jarabta da son kwandala mai aibi, wadda hotonta ya karkace ko rubutu ya hau kan rubutu, suna saye da tsada. Dillalai kuwa ba sa karɓa sai Mai Ido ya ce ta gaske ce, da aibinta ta fito daga gidan buga kuɗi. Sai falona ya koma kasuwa, kowa da 'yar tsiyarsa ƙulle a leda. Ya ɗora a sikeli, ya manna gilashi a ido, ya sake ta kan tebur ya saurara. "Wannan jabu ce, guduma aka sa mata." "Wannan mota ce ta taka." In an dace da ta gaske, sai ya duba shekarar da ke jiki ya yi murmushi: "Ba a zamanina ba."

Wata rana da la'asar maƙwabciyarmu mai wankau ta yi sallama. Mijinta ya rasu, sabulu ya cinye mata hannu har yatsun na tsagewa. Ta kwance bakin zane ta fito da kwandala.

"Baba, a gwangwanin marigayi na same ta. Dillali ya ce in ka yarda da ita, za ta isa keken ɗinki, in rabu da ruwan nan."

Ya auna. Ya saurara. Ya manna gilashi, ya daɗe bai cire ba. Na san mutumin nan, jabu ba ta ɗaukar masa lokaci. Na leƙa ta kafaɗarsa. Hoton ya fito biyu, ɗaya kan ɗaya, ko ni na gani. Sai idona ya sauka kan shekarar. Tsakiyar zamaninsa ce.

Da zai ce guduma ce, wa ya isa ya musa? Ba wanda ya fi shi sani a garin nan, kuma maganarsa guda ɗin nan ita ce duk abin da ya mallaka. Matar na tsaye tana ɓoye hannuwa a mayafi. Wallahi tausayin su biyun ya kama ni, na rasa wanda zan kalla.

"Ta gaske ce, 'yata," ya ce. "Ki ce wa dillali ni na faɗa. Kada ki goge ta, kuma kada ki sallama a tayin farko."

Ta fita tana ta sa albarka. Shi kuwa ya zauna, gilashin a tafin hannu. Na kawo abinci, bai taɓa ba.

"Haba Malam, ɗaya tak cikin tulin nan? Kai mala'ika ne?"

"Kin ga shekarar?"

Na gani. Shekarar da muka binne ɗanmu na fari ce. Washegari ya saka rigar aiki ya fita, ni kuwa na daɗe ina riƙe da shi a zuci, ina cewa wannan mutum ba shi da zuciya, ko hawaye bai yi ba.

"A can wurin aiki nake kukana," ya ce. "A kan benci. Watanni ina zaune ba na ganin komai."

Na tashi na ɗora ruwa a wuta, na ɗauko tsumman da nake gasa masa wuya da shi.