'Yata ce ta raka ni rajista

Muna tsaye a layin rajista sai wata ma'aikaciya ta dube ni ta ce, "Hajiya, iyaye a waje suke jira."

Kafin in buɗe baki, 'yata Rukayya ta ce, "Ai ita ce ɗalibar, ni rakiya na yi."

Shekara ashirin ina turara shinkafa a Kura, sai bana Allah ya nufa na samu gurbi a kwalejin ilimi. Rukayya tana ajin ƙarshe a can. Ita ta sa na yi wa kowace takarda kwafi uku, ta kuma hana ni sayen littafi sai malami ya faɗi wanda yake so.

A motar dawowa na ce mata a baya zan riƙa zama a aji, kada yara su yi mini dariya.

Ta ce, "Umma, na baya surutu suke ji, ba karatu ba. Ki zauna gaba, abin da ba ki gane ba ki tambaya. Haka kika ce mini ranar da kika kai ni firamare."

Yau sati biyu ina layin gaba, kuma alhamdulillahi ina ganewa. Ku da kuka riga mu shiga, wace shawara za ku ƙara mini?