Maganar da Ban Fassara wa Rabi Ba

Ranar da aka kawo Habsu dispanser ɗinmu na Matameye ba ta taɓa fita daga raina ba, ko da yake yau sunayen abokan aikina da yawa sun kwanta mini. Tunda ku masu koyon aikin jinya kun ce in ba ku labari ɗaya daga zamaninmu, wannan zan ba ku.

A tsakiyar shekarun hamsin ne, Faransawa na mulki. Dispanser ɗin ɗaki biyu ne na ƙasa, da rumfa a gaba inda marasa lafiya ke jira a kan tabarmi. Mu biyu ne ma'aikata. Akwai Majo Abdu, wato babban anfirme, shugaban ma'aikatan jinya, shi ke duba mutane ya rubuta magani. Ni Isuhu ƙaramin anfirme ne, shekarata biyu da fara aiki: in dafa allurai, in wanke gyambo, in yi lambar agana. Lokotoro, wato cikakken likita, ba mu da shi. Wani Bature ne ke zuwa rangadi daga Damagaram lokaci-lokaci, mu tara masa waɗanda ciwonsu ya fi ƙarfinmu. In ya zo, Majo na rubutu, ni ina tafinta. Ba mu da komai a lokacin, amma na yi kewar wannan rumfa.

Da rani ne, maza duk sun tafi cin rani. Ranar kasuwa wata mata mai suna Rabi ta iso daga wani ƙauye ta wajen Kurni, tare da surukarta Iya Gambo da 'yarta Habsu, 'yar shekara uku. Mijin Rabi yana Kano. Kakar ce ta yi bayani. Ta ce Habsu ta fara cewa "baba" da "nono", sai maganar ta ɗauke. In an kira ta ba ta waiwayowa, ba ta kallon idon kowa, ba ta wasa da yara. Sai ta wuni tana jera ƙwallon dabino a ƙasa, in an taɓa ɗaya ta yi ta ihu. Wasu sun ce iskoki ne, an yi hayaƙi har an gaji. Har igiya suke ɗaura mata a ƙafa don kada ta nufi rijiya.

Majo ya tafa hannu a bayanta, ba ta motsa ba. Ya ce, "Kurma ce." Amma da na buɗe tukunyar allurai, murfin ya yi ɗan ƙara, sai na ga ta toshe kunnuwa da hannu biyu. Na ce, "Ranka ya daɗe, tana ji." Ya dube ni, ya dube ta, ya ce su dawo ranar lokotoro.

Baturen nan ba mugun mutum ba ne, kada ku ɗauke shi haka. Ranar da ya zo, ya zauna a tabarma kusa da Habsu, ya zube mata kwalaben magani da babu komai a ciki, ta jera su daga babba zuwa ƙarami ba tare da ta dube shi ba. Sai ya ce in gaya wa uwar ta kira sunan 'yarta. Rabi ta sunkuyar da kai, ta rufe baki da mayafi. Ya maimaita, ta ƙi. Ya ce ta ɗora ta a cinya, sai ta tura ta wajen kaka.

Ya gyaɗa kai kamar wanda ya ga abin da yake nema. Ya ce mini da Faransanci, "Ba kurma ba ce. Ciwon ƙwaƙwalwa ne da ke farawa tun ƙuruciya, kuma littattafanmu sun ce uwa marar ƙauna ce ke jawo shi. Duba, ko sunanta ba ta iya faɗa. Gaya mata ita ce sanadi."

Na ce, "Lokotoro, 'yar fari ce. A nan uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta nuna masa so a gaban mutane, balle gaban suruka. Kunya ce, ba ƙiyayya ba."

Motarsa na jira, ana sauraronsa a Kance. Ya ce, "Fassara kawai."

Na dubi Rabi. Na san tun asuba ta fito, ta goyo yarinyar nan duk tsawon hanya ta bar wa tsohuwa jaki, ga ƙafafunta sun kumbura. In na faɗi wannan magana a gaban uwar mijinta, kafin mijin ya dawo daga Kano aurenta ya mutu, kuma a raba ta da 'yar. Abin da na ce shi ne, "Lokotoro ya ce ba kurma ba ce, kuma ba iskoki ba ne. Ƙwaƙwalwarta ce ke girma ta wata hanya dabam. Babu allurarsa. Amma ya ce maganin yana hannun uwarta. Ta riƙa kiran sunanta, ta zauna da ita, ta yi mata magana kullum."

Iya Gambo ta ce, "Kai, ɗan nan! 'Yar fari ce fa."

"Iya, umarnin lokotoro ne."

Ta dubi jikarta. Can ta ce, "In don lafiyarta ne, na yafe kunyar. Duk mai magana a gari ya zo ya same ni."

Da motar ta tashi, Majo ya kira ni ɗaki. Ya ce, "Isuhu, na ji Faransancin, na ji Hausar. Ba su haɗu ba." Ku sani, a lokacin rahoto ɗaya daga Majo ya isa a kore ni. Na faɗa masa dalilina. Ya daɗe yana goge tabarau. Sannan ya ce, "Tafinta ba ya ƙari, ba ya ragi. Kada ka sake. Amma tunda kai ka rubuta wannan magani, kai za ka bi shi. Duk ranar kasuwa bayan azahar, rumfa taka ce."

Haka muka fara, ba littafi, ba wanda ya koya mana. Ranar farko sai da Iya Gambo ta tashi ta shiga kasuwa kafin Rabi ta iya buɗe baki. Ta faɗi sunan a hankali, ta yi dariya, sai kuma hawaye. Na ce a kwance igiyar nan, a sa ido kawai. Muka gane in an ja Habsu da ƙarfi sai ta ƙara nisa, in kuwa uwar ta zauna gefenta tana jera nata ƙwallayen, sai ta bar ta. Muka rage surutu, muka koma kalma ɗai-ɗai: tuwo, ruwa, zo. Wasu makonnin babu wani canji. Sau ɗaya ta cije ni a hannu har jini. Da damina ta faɗi suka daina zuwa saboda noma, na ce shi ke nan, na yi ƙarya a banza.

Bayan an yanke gero sai ga su. Muna zaune, Habsu ta kama hannun uwarta ta ja ta wajen randa. Rabi ta ɗebo ruwa a moɗa, ta riƙe ba ta miƙa ba, tana jira, kamar yadda ta saba yi a gida duk daminar nan. Yarinyar ta ɗaga kai, ta dube ta ido cikin ido, ta ce, "Ruwa." Majo yana bakin ƙofa. Sai ya koma ɗaki ya yi ta fyace hanci.

Ba zan ce muku ta warke ba. Maganarta ba ta taɓa yawa ba, kuma ba ta yi aure ba. Amma ta iya wanka da sa tufafinta, tana faɗin inda ke mata ciwo, ta kuma zama gwanar saƙar faifai, har mata na neman nata a kasuwa.

A katinta Baturen ya rubuta sikizofireni na yara, wato wani irin taɓin hankali, don a lokacin ciwo biyu ne ake ɗauka a matsayin ɗaya. Ku yanzu kun raba: abin da kuke kira otizim yana bayyana tun yaro na ƙarami, ɗayan kuwa galibi sai an fara balaga. Bincike ya nuna yadda ƙwaƙwalwa ke ginuwa ne, ba laifin uwa ba, kuma in an fara taimako da wuri, tun ƙwaƙwalwar na ɗanya, an fi samun ci gaba. Ranar da wani matashin lokotoro ya bayyana mini haka, sai da na nemi wuri na zauna.

Ina gab da barin aiki Rabi ta zo da ciwon ido, ta tsufa. Ina ɗiga mata magani ta ce, "Malam Isuhu, ran nan ba abin da ka faɗa ne Baturen ya faɗa ba, ko?"

Na ce, "Ya aka yi kika sani?"

"Ba na jin yarensu, amma na ga kallon da ya yi mini."

"Me ya hana ki tambaya?"

"Da tasa maganar, kuka kawai zan yi. Taka ce ta ba ni abin yi."

Ba ina koya muku sauya maganar manyanku ba ne. Majo ya yi gaskiya, kuma ban sake ba har na bar aiki. Abin da na koya shi ne, sunan ciwo yana canzawa, littafi yana canzawa, amma uwar da ke gabanku ita za ta koma gida da yaron nan, ita za ta tashi da shi gobe. Ku gaya mata gaskiya iyakar saninku, kada ku ɗora mata laifin da ba ku tabbatar ba, kuma kada ku sallame ta sai kun ba ta abin da za ta iya yi da hannunta.