Kaskon Inna da Ɓerayen Sabon Gari

Shekarar da ruwan dam ɗin Bakolori ya fara hawa, aka tashe mu daga tsohon ƙauyenmu aka kai mu tudu, kusa da Maradun. Kowa ya kwashi abin da yake ganin dukiya ne. Wasu ƙyaure, wasu azara, wani maƙwabcinmu har turken jakinsa ya tone. Ita kuwa Inna, mahaifiyata, sai ta rungumo wani tsohon kasko cike da jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta ɗora a cinya, ta ce ba mai taɓa mata shi.

Ni a lokacin ina ɗinki a Talata Mafara, sai Laraba nake zuwa gida, bayan an ci kasuwa. Ba ni da haƙuri tun asali, ranar kuma ga zafi ga kaya. Na ce mata, "Inna, ƙasa za mu ɗauka? Can inda za mu babu ƙasa?"

Ta harare ni ta ce, "Kai mi kas sani? Wagga ƙasar hwadamar uwata ta. Gobe war haka tana ƙarƙashin ruwa. Ita ɗai tar rage min."

A cikin ƙasar akwai wata 'yar ciyawa, tushe biyar, ba ta fi taƙi ba. Ganyenta sirara ne kamar zare, kowanne da ɗigon ruwa mai danƙo da ba ya bushewa ko da tsakar rana. In ƙuda ko sauro ya sauka, ya maƙale ke nan, sai ta tsotse shi a hankali. Ban taɓa jin sunanta ba, mu dai mai cin ƙuda muke ce mata. Inna ta ajiye kaskon a gindin randa, inda ƙasa ba ta rabuwa da laima. Burinta ɗaya, ciyawar ta yi fure ta zubar da iri, don ƙasar ta sake tsirowa baɗi.

To, Inna ba ta iya ganin abu mai baki ta ƙyale shi. Baƙo ko ya ce yana azumi sai ta ƙulla masa wani abu ya tafi da shi. Ta dubi ciyawar ta ce ta rame, ƙudan sabon gari ba su da maiƙo. Ga shi dam ya kawo masunta, kifi ya yi arha. Sai ta shiga marmasa bandar kifi tana ɗora wa kowane ganye, ragowar ta tura cikin ƙasa, wai ko za ta ji yunwa daga baya. Kiwo sosai ta ɗauka, irin na ragon layya.

Ɓeraye kuma ruwa ya koro su daga fadama kamar yadda ya koro mu, suna yawo ba gida ba rumbu. Suka ji ƙamshi. Wata Laraba na iso na tarar da Inna a durƙushe, tana tattara ƙasa da tafin hannu tana mayarwa kasko. An tone shi ta ko'ina, an karya ciyawa biyu cikin biyar.

"Kusa sun ci amanata," in ji ta. Kusu shi ne ɓera a bakinmu, in suna da yawa kusa. "Tare munka yi hijira, amma dubi."

Na ɗana tarko, ya kama 'yar tsakon maƙwabta, muka sha ba da haƙuri. Na aro mage daga wajen gwaggona a Bakura, na ɗauko ta cikin buhu tana yakushina har gida. Ta cinye kifin tas, sannan ta ga kaskon da sanyi ta kwanta a ciki, ciyawa ta uku ta tafi. Da na ce zan sayo maganin ɓera, Inna ta tashi tsaye. Ta ce abin da ke da baki ba a ajiye guba kusa da shi, in ina son kashe mata ciyawa in faɗa kai tsaye. Raina ya ɓaci, na ce to ta auri ɓerayen su zauna lafiya. Ta jefe ni da mara, ta kuskure.

Daga nan muka saka kaskon a ragaya muka rataya a rumfa, ina ta yabon kaina. Ɓerayen suka biyo igiya suka sauko. Na huda sakaina na kifa a tsakiyar igiyar, su zo su zame. Wannan ya yi aiki kwana uku, a na huɗu suka gwigwiye sakainar. Saura ciyawa ɗaya, ita ma ganyenta ya yi baƙi inda kifi ya ruɓe a kai. Ranar na ga Inna ta bar furarta ba ta sha ba, sai tsokana ta fita daga kaina. Tausayinta ya kama ni ƙwarai.

Wadda ta warware mana ita ce wata Bafulatana mai kawo mana nono, wadda ta yi kiwo a fadamar tun tana yarinya. Ta leƙa kaskon, ta shinshina, ta kama dariya har ta sauke ƙwarya.

"Inna, can hwadama wa ka ba ta kihi?"

Bafulatanar ta ba kanta amsa.

"Ba kowa. Ita ka kamun abinta. Ki ba ta ruwa ki ɗauke hannunki. Kusu ba shi cin hakin ga, kihinki shika biɗa."

Muka tsince kifin da tsinke, muka sake sakaina. Ɓeraye suka zo sau ɗaya suka ga ba komai, suka koma wa rumbun maƙwabta. Amma wahalar gaske Inna ce ta sha. Sai ta zauna a ƙarƙashin rumfa ta saka hannayenta a hammata, tana kallon ciyawar. In ƙuda ya gifta ta riƙa yi masa jagora da ido. Sau biyu ina kama ta da ɗan kifi a gefen zane, ta ce wai nata ne.

Bayan mako uku ciyawar ta fitar da sabon ganye, sannan fure, ƙarami, ja-ja mai haske. Inna ta aika wa matan tsohon ƙauyenmu, waɗanda aka warwatsa, wasu nan kusa, wasu har Bakura. Su tara suka zo, aka sauke kaskon a tabarma. Ina jiran in ji an yaba fure, har da dabarata ta sakaina. Ba wadda ta kula. Babbarsu ta sa yatsa ta ɗebo ƙasar, ta kai hanci ta shinshina. Sannan ta ƙulle ta a bakin mayafinta. Ta kusa da ita ma ta miƙa hannu.

Na matso na ce a hankali, "Inna, za su ƙarar miki da ita. Abin da kusa ba su yi ba."

Ta ce, "Bar su. Su ma can anka haihe su."

Ta tura kaskon gaban ta ukun.