Kujerata da Ganyen Inna Yua

Surukata Inna Yua ta haye kogin Mekong da abu biyu: 'yarta Shua a goye, da reshen wani ganye ƙulle a ɗankwali. A sansanin gudun hijira ta dasa shi cikin gwangwanin madara. Yadda ya iso nan tsibirin Tasmaniya kuwa, ban taɓa tambaya ba. Shi muke dafa wa mai jego da kaza har wata guda. Ba ya yin iri, sai dai a yanki reshe a dasa. In ya mutu, shi ke nan.

Ni na auri Shua. Cikinta na tsufa, sanyin garinmu Hobart ya kwantar da ganyen, saura 'yan kunnuwa duk sun yi yaushi. Ina zaune a kujerata gaban hitar ɗumama ɗaki, Inna ta shigo rungume da tukunyar ganyen, ta tsaya a kaina.

"Tong, tashi."

"Inna, ni ma fa ɗan ƙasar zafi ne."

"Kai in ka bushe, 'yata za ta samu wani. Wannan fa?"

Na tashi. Tukunya ta gaji kujerata, ni na zama yaronta: rana ta leƙo in kai ta taga, rana ta ɓuya in dawo da ita. A kasuwa, inda muke sayar da kayan lambu, abokai suka koma gaishe ni da "Ya mai jiki?"

Mura ta kama ni, na roƙi kunne ɗaya tak.

"Haihuwa ka yi?" in ji Inna.

"Dubi tumbin nan, Inna, ai ana sa rai."

Ko murmushi. Ta miƙo mini citta.

Ranar da Shua ta sauka, ganyen ya riga ya yi sabon toho. Na dafa kazar da kaina, tunda aikin miji ne. Shua ta sha romo har da gumi, Inna ta juya baya tana share ido. Daga baya ta yanki reshe ta danƙa mini.

"Dasa. Shi kaɗai ka iya."

Inna ta rasu, ganye na nan. Jaririyar da Shua ta haifa ce ke da tsohon ciki yanzu. Jiya na rungumi tukunya har gidanta, na tsaya a kan mijinta, na gyara murya.

"Tashi."

"Baba, ajiye ta ko'ina," in ji shi. "Gidan duk ɗumi ne."